Ɗan Ingila Ƙirar Tudun Wada

Motar da na fara mallaka a duniya tana da wata ƙara a ƙafar gaba ta hagu, ƙwal-ƙwal, duk inda taya ta faɗa rami. Wannan ƙarar ce ta ja ni har na yi wa wana abin da ban taɓa yi wa maƙiyi ba. Na tsufa yanzu, waɗanda nake jin kunyarsu duk sun riga ni, bari in faɗi yadda aka yi.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka haukata mu. An yi ƙarin albashi, kowane akawu a Gombe ya wayi gari yana jin shi ma wani ne. Ni ma akawu ne a wani ofishin gwamnati. Na kama hayar gida a Hammadu Kafi, na sayi tsohuwar mota 'yar Faransa a hannun wani da aka yi wa canjin wurin aiki, na fara sa takalmi sau-ciki ko da rana tana dafa ƙwaƙwalwa. A lokacin in kana so ka zagi kaya, ba sai ka wahala ba, ka ce "na gida ne" kawai. Shinkafar gida, a'a. Yadin gida, a'a. Har tsinken sakace sai an ce daga waje ya zo sannan mu sa a baki. Tir da mu, wallahi.

Ni kuwa ɗan gidan maƙera ne a Tudun Wada. Babanmu maƙeri, kakanmu maƙeri. Hamma, wato babban wana, shi ya gaji maƙerar. Ni an kai ni boko ne don an ga ba ni da hannu, in na ɗaga masaba yatsana nake samu. A makarantar kwana yara suka gano asalina, suka riƙa hura kumatu suna kwaikwayon zugazugi duk inda na gifta. Tun daga nan na koyi kama bakina. A ofis in hira ta kawo kan sana'ar iyaye, sai in ce babana yana ɗan taɓa kasuwanci, in sauya magana.

Na kai motar gareji. Bakaniken ya jijjiga ta da hannu biyu ya ce shokazoba ce ta mutu, na je na sayo sabuwa. To, a irin motar nan shokazoba a cikin sifirin take zaune, wani murɗaɗɗen ƙarfe mai kaurin babban yatsa, wanda ke ɗauke da nauyin mota. Ba ka isa ka ciro ta ba sai ka danne sifirin ɗin ya tsuke, ka riƙe shi a haka, sannan ka kwance notin sama. In ya kuɓuce maka yana danne, sai abin da Allah ya yi. Makanikan garin da igiya da waya suke ɗaure shi, su yi bisimilla, su kau da fuska. Na ga wani a garejin ba shi da haƙorin gaba ko ɗaya, na tambaya, aka ce sifirin ne.

Ga shi kuma makanikai a lokacin sun fi hakimi jin kai, motoci sun yi musu yawa. Tawa ta yi mako uku a gindin bishiyar maina, kaji suna hutawa a ƙarƙashinta. Kullum na je, "Gobe, oga." Ran da na tarar an jingina mata tabarma ana shanya, na yi zuciya na karɓi makullina na dawo da abata gida, ƙwal-ƙwal ɗinta da komai.

Maƙwabcina malamin sakandare ne, Kirista, mutumin Kaltungo, kowa Ticha yake ce masa. Motarmu iri ɗaya ce, kuma yana da wani ƙaton littafin Turanci mai hotuna da ke nuna yadda ake kwance ta ƙusa bayan ƙusa. Duk Asabar yana ƙarƙashin tasa da sifana. Shi ya buɗe min shafin ya nuna min abin da Turawa ke danne sifirin da shi. Ba wani abin a zo a gani ba ne: dogayen ƙusoshi biyu masu zare, kowace da ƙugiya a sama da ƙasa. Ka maƙala a gefe da gefe, ka ɗaura noti nan kaɗan, can kaɗan, sifirin ya tsuke yana ji yana gani.

Na ɗauki littafin na shiga Kasuwar Gombe, na bi masu kayan mota shago shago. Wani ya juya hoton sama a ƙasa ya ce ya ƙare jiya. Wani ya miƙo min abin ciro filogi ya ce ai duk ɗaya ne. Na ba direban babbar mota saƙo Jos, na ba wani Kano, duk suka dawo hannu rabbana. Garin da ake sayar da talabijin tun ba ta kama komai sai yayyafi, amma an rasa ƙusa biyu da ƙugiya huɗu!

Ticha ne ya ce, "Malam, kana da magani a gonarka kana yawo. Ai wannan wanka maƙerin nan zai iya ƙera shi."

Shi kaɗai ya san gidanmu, don ya taɓa kai ni lokacin da Inna, mahaifiyarmu, ba ta da lafiya.

Na je da hantsi na tarar da wutar maƙera a mace. A zamanin babanmu, da hantsi ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar dukan ƙarfe. Yanzu manoma sun watsar da gona sun tafi leburanci wajen 'yan kwangila, waɗanda suka rage kuma suna sayen adda da fartanya na kanti masu fenti. Hamma yana zaune kan buzu yana ɗaura wa wani tsohon bokiti hannu. Mutumin da ke ƙera garmar da za ta yi damina goma, shi ne ya koma gyaran bokiti, kuma da shi yake ciyar da iyalinsa da Inna.

"A'a, Akawu! Yau ɓatan kai ka yi?"

Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe masa littafin. Ya duba, ya duba, ya mayar min.

"Takarda ba ta da nauyi. Kawo min ƙarfen in gani."

Washegari ni da Ticha muka ɗora motata kan duwatsu, muka ciro ƙafar gaba ɗaya, muka kai masa a but ɗin motar Ticha. Hamma ya taka sifirin ɗin da ƙafa, ya ƙwanƙwasa shi da masaba ya kasa kunne, ya bi murɗinsa da yatsa tun daga ƙasa har sama. Sannan ya sake karɓar littafin.

"Wanda ya zana wannan bai taɓa shan duka ba. Duba, sifirin a karkace yake hawa, ƙugiyarsu kuwa a miƙe take. Zamewa za ta yi. Sai an karkata bakinta ya bi shi, a yi mata leɓe kuma."

Ticha ya yi dariya har da tafi, ya ce yau ga wanda ya gyara wa Bature littafi.

Ƙusoshin wajen masu tsofaffin ƙarafa Hamma ya samo su, a jikin wani mataccen injin matse auduga. Ƙugiyoyin kuma daga fallen sifirin ɗin babbar mota ya yanko, irin wanda yake yin garma da shi. Yamma uku ina tashi daga ofis in tuɓe riga in zauna ina zuga masa, don ba shi da mai zuga. Ba a ruwa ya tsoma ƙarfen ba, a baƙin mai, wai ruwa na sa shi taurin kai ya karye ba sallama. Da ya gama, ya sa sifirin ɗin a cikin rami ya rufa tsohon ƙyaure a kai, ya zura hannu ta gefe yana ɗaura notin. Ƙugiya ɗaya ta buɗe, ƙyauren ya yi tsalle, mu ma muka yi. Hamma ya fashe da dariya ya ce, "Yawwa! Gara ka nuna min halinka a nan." Ya mayar da ita wuta. Rabon da in ga farin ciki haka a fuskarsa tun babanmu yana da rai.

Da komai ya yi daidai, ya ɗauki madoshi ya buga wa kowace ƙugiya shaidar gidanmu, zane uku da muke kira ƙafar zabo. Na sa hannu a aljihu, ya harare ni, na fitar da hannun.

"Abu ɗaya nake so, Akawu. Kai ne ke cikin masu motoci. Duk wanda ya gani ya tambaya, ka ce masa a Tudun Wada aka yi, gidan maƙera. Noma ya gudu ya bar ni. In masu mota suka san ina nan, wutar nan ba za ta mutu ba."

Na ce, "Haba Hamma, wannan ai ba sai ka faɗa ba."

Ranar Asabar muka gwada a ƙofar gidana. Ticha yana ɗaura na dama, ina ɗaura na hagu, sifirin yana tsukewa lafiya lau, ko ƙyas bai yi ba. Muna cikin haka sai ga motar shugaban ofishinmu ta tsaya. Ya zo unguwar gaisuwa ne ya hango ni. Mutum ne ɗan babban gida, ya yi kwas a Ingila wata shida, kuma ba ya yin jimla uku bai tuna maka ba. A hannunsa ƙarin girmana yake. Ya fito da babbar riga yana riƙe da gefenta kada ta taɓa baƙin mai, ya tsaya yana kallo har muka ciro tsohuwar shokazoba muka zura sabuwa.

"Kai, wannan abu da kyau yake! Tawa ma tana wannan ƙarar. Ina ka samo shi?"

Ga tambayar da aka ce in jira, ta zo da ƙafarta, daga bakin mutumin da in ya yaba abu duk manyan garin sai sun saya. Na buɗe baki. Na dubi babbar rigarsa, na dubi baƙin da maƙera ta bari a ƙarƙashin farcena.

"Ranka ya daɗe, wani abokina ne ya taho min da shi daga Ingila."

"Na faɗa! Ai da gani ka san ba hannun mutanenmu ba ne."

Ticha bai ɗago kai ba, ya ci gaba da goge sifana da tsumma. Da motar ta tafi ya ce, "Malam, me ka yi haka?"

Na ce suɓutar baki ce, ran Litinin zan gyara.

Ran Litinin shugaba ya aiko direbansa ya karɓi aron abin. Kafin in ba shi sai na tuna da ƙafar zabo, wadda duk manomin da ke ƙasar Gombe ya sani. Na ce wa direban ya dawo da yamma. Na koma bayan ɗakina na ɗauki magagari na goge shaidar nan guda huɗu, ɗaya bayan ɗaya, na shafe wurin da jan fenti. Magagarin ma na Hamma ne, aro na yi. Ban yi shi cikin maye ba, ban yi shi cikin fushi ba. Da hankalina na zauna, har ina hura garin ƙarfen ina duba ko ya yi sumul.

Ticha ya leƙo ta katanga ya ga suna bushewa a rana, ja wur. Ya ce, "A wurinmu, in ka ci tuwon mutum ba ka ɓoye ƙwaryarsa." Na ce masa ya ji da ɗalibansa. Tun daga ranar ya daina kirana aikin Asabar.

Abin kuwa ya yi farin jini. Daga shugaba sai likita, daga likita sai manajan kanti, sai alƙali. Aka sa masa suna ɗan Ingila. "A aiko min da ɗan Ingilan akawu." Har bakaniken da ya shanya min mota mako uku ya zo gida da kansa yana "oga, oga", yana neman aro. Ni kuma ina shan ƙamshi, ina cewa a bi shi a hankali, ba a samun irinsa a nan. Mutum nawa suka roƙe ni in sa a kawo musu nasu? Kowa sai in ce abokin nawa bai koma ba tukuna. Kowane ɗaya daga cikinsu aikin Hamma ne nake kora da bakina, kuma na sani.

Duk Juma'a in na je gaida Inna, Hamma zai tare ni tun a zaure.

"Akawu, ba wanda ya tambaya?"

"Har yanzu dai, Hamma. Ka san mutanenmu."

"To, Allah ya kawo su."

Wata Juma'a ya ja hannuna zuwa maƙera. A jikin bango ga su nan a rataye, saiti shida, kowane an shafa masa mai yana ƙyalli. Ya kwashe duk ƙusoshin mataccen injin nan, ya sayar da tunkiyar matarsa ya sayi gawayi da ƙarfe. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, gara in sun zo su tarar a shirye. Waɗannan ma sun fi nawa kyau, don hannunsa ya saba, ya ƙara wa leɓen faɗi.

A nan wata dabara ta zo min, irin dabarar matsoraci. Na ce a raina, in kwashe su in yi musu fenti in ce abokina ya dawo, Hamma ya samu, ni ma asirina ya rufu.

"Hamma, ka yi min guda biyu, amma kada ka buga shaida."

"Don me?"

"Fenti ba ya kama wurin sosai."

"Fenti? Wa ya ce a yi musu fenti?" Ya dube ni. "Akawu, shaida ba ado ba ce. Wannan abin fuskar mutum ake sa wa a gabansa. In ya karye ya ji wa wani ciwo, dole a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wuyana nake bayarwa. Ƙarfen da ba shi da shaida ba ya fita daga gidan nan."

Na ce shi ke nan, a bar maganar. Na shiga wajen Inna na ci tuwo kamar mutumin kirki.

Da ya gaji da jira, sai ya yi abin da maƙerin gidanmu bai taɓa yi ba, ya ɗauki kaya ya bi mai saye. Ya zuba saiti shidan a buhu ya ɗaure a bayan keke. Ban san ya fita ba. Ni dai na tashi daga ofis da azahar na biya garejin nan na gindin maina in karɓo ɗan Ingila, don ya kwana huɗu a can. Ina tsayar da mota na ga taro, makanikai da direbobi sun yi da'ira suna dariya. A tsakiya ga Hamma tsugune, ya baje ƙarafansa kan buhu. Kusa da su an ajiye nawa, ja.

Bakaniken ya hango ni.

"Yawwa, ga mai shi ma ya zo! Oga, zo ka raba mu da tsohon nan. Ya ga ɗan Ingila ya je ya kwaikwaya, to ba laifi, ya yi ƙoƙari. Mun ce masa mu ba za mu sa fuskarmu gaban ƙirar gida ba. Shi ne wai har da rantsuwa, wai wannan jan ma shi ya ƙera!"

Aka sake kwashewa da dariya. Wani direba ya ɗaga nawa da na Hamma yana gwada wa mutane, wai a dubi bambanci, wai na Bature ko a hannu ya fi daɗin riƙo. Hannu ɗaya ya yi su, wuta ɗaya, ni na zuga! Amma ga ƙato da gemu yana rantsuwa ya ga bambanci.

Hamma ya miƙa hannu ya karɓi jan. Ya juya ƙugiyar, ya sa farcen babban yatsa ya kankare fentin daidai inda ya san ya buga shaida. Ya shafa wurin. Maƙeri ne, ya san sawun magagari. Ya duba ta biyu, ya duba ta uku. Bai duba ta huɗu ba. Ya ɗago ya dube ni.

"To oga, faɗa masa mana," in ji bakaniken. "Daga ina ya zo?"

Direban shugabanmu yana tsaye a wurin, ya harɗe hannu. Kalma uku ce kawai, wana ne wannan. Na tsaya ina gyara makullin mota a hannu, ina neman yadda zan faɗa ba tare da na faɗi ba. Ban san ko daƙiƙa nawa na yi ba, amma sun isa.

Hamma ya ajiye jan a hankali.

"Ku yi haƙuri, samari. Ni na yi kuskure. Nasa na Ingila ne, kama ce ta ruɗe ni. Ido ya fara tsufa."

Ya tattara ƙarafansa ya mayar a buhu, ya ɗaure a keke. Wani ya ce, "Baba, ka koma kan fartanya, ita ka iya." Ya ce, "Haka ne." Ya tura kekensa ya wuce ta gabana, ko kallona bai sake yi ba. Ni ya rufa wa asiri, a gaban mutanen da suka gama yi masa dariya. Da ya zage ni, da ya ɗaga ƙugiyar ya nuna musu sawun magagari ya ce ga ɗan'uwana maci amana, wallahi da na fi samun sauƙi.

Ban bi shi ba. Wannan ma in faɗa. Na ɗauki ɗan Ingila na sa a but na tafi gida. Juma'ar nan ban je gaida Inna ba, ta gaba ma na ce zazzaɓi nake yi.

Sai a mako na uku na shiga ofishin shugaba na rufe ƙofa na faɗa masa gaskiya, cewa wana ne ya ƙera, mu maƙera ne, kuma akwai guda shida a ƙasa. Ya dube ni ta saman tabarau ya yi murmushi.

"Allah sarki. Kana so ka taimaki ɗan'uwanka, abu ne mai kyau. Amma ba sai ka yi ƙarya ba. Ni na zauna a Ingila, na san aikinsu in na gani."

Na koma gareji na faɗa musu. Bakaniken ya ce, "Oga, tsohon da kansa ya ce kuskure ya yi, a gabanka." Na ce a kankare fentin a ga inda na goge. Ya ce ai lambar kamfani ce ta goge don tsufa. Na yi rantsuwa, na yi faɗa, har na kama kwalar wani. Ƙaryar ta riga ta yi jijiya, gaskiyar ce ta koma ƙarya. Kuma kafin damina ta fita, masu kayan mota suka fara kawo na waje na gaske, cikin kwali, ƙugiyarsu a miƙe kamar yadda take a littafin. Aka yi ta saye. Ticha kaɗai ya je Tudun Wada ya sayi saiti ɗaya, bai gaya min ba, a bakin Inna na ji.

Ina jin haushin shugaban nan har gobe, ina jin haushin makanikan, ina jin haushin zamanin da ya koya mana raina hannunmu. Amma su ba su yi wa Hamma alkawari ba. Ba su zuga masa wuta ba, ba su ga fuskarsa ran da ƙyauren nan ya yi tsalle ba. Ko da na faɗi gaskiya ranar farko, watakila maƙerar ta mutu duk da haka, na sha gaya wa kaina wannan. To amma da ta mutu da kanta, ba da sa hannuna ba.

Bayan kaka Inna ta aiko a kira ni. Na tarar an share maƙerar, an shafe bangon da farar ƙasa, wani mai cajin batir ya jera kayansa a ciki. Uwar maƙerar da kakanmu ya yi aiki a kanta tana bayan ɗaki an kifa mata kwando. Inna ba ta san abin da ya faru ba, Hamma bai faɗa wa kowa ba. Ta ce dai ya samu aikin gadi a wani kamfanin gine-gine a hanyar Bauchi, kuma tun da ya fara ba ya cin abinci sosai, in je in yi masa magana, ni ne yake jin maganata.

Na tuƙa har can. Duk hanya ina shirya abin da zan ce, in durƙusa, in kama ƙafarsa, in ce ya dake ni in yana so. Na isa wata babbar ƙofar ƙarfe, na yi ham. Ƙaramar ƙofa ta buɗe, ya fito cikin kaki wanda ya yi masa yawa, da kulki a hannu. Ya ga motar, ya gan ni. Ya ja ƙofar ya buɗe ta gaba ɗaya, ya koma gefe ya ƙame.

"Sannu da zuwa, yallaɓai. Wa ake nema?"

Na fito daga motar. "Hamma, ni ne fa."

"Na gane, yallaɓai."

"Hamma, don Allah, don darajar Inna, ka saurare ni. Na je na faɗa musu. Na faɗa wa kowa."

"An gode, yallaɓai. Sai dai ba a tsayawa a bakin ƙofa, manyan motoci na shigowa. Ko a shiga, ko a koma."

Ba da fushi ya faɗa ba. Da ladabi ya faɗa, yadda ake yi wa baƙo mai mota. Wata tifa ta taho bayana tana ham, dole na shiga na ja da baya na ba ta hanya. Ya ɗaga mata hannu ta wuce, ya mayar da ƙofar ya rufe.

Ya yi shekaru da yawa bayan nan. Bai yanke zumunci ba, ba halinsa ba ne. Ya zo sunan 'ya'yana duka, shi ya ba da auren babbar 'yata, ran da Inna ta rasu tare muka ɗauki makara. In na gaishe shi yana amsawa, in na kai masa abu yana karɓa ya yi godiya. Na roƙe shi gafara ba sau ɗaya ba, kullum sai ya ce ba komai, ya yafe. Amma tun daga bakin ƙofar nan har ranar da na zauna gefen gadonsa a asibiti ina ba shi ruwa a cokali, yallaɓai yake ce min.